Maleƙin da ake ɗora wa sikirin ɗin kyamara: aikinsa da haɗarinsa a zafin ranar Kano

Ƙarfe goma sha ɗaya na safiyar Asabar, an gama ɗaurin aure a ƙofar masallaci, jama'a sun yi wa ango caa ana gaisawa. Mai bidiyo ya ɗaga kyamara ya dubi sikirin, abin da ya fara gani shi ne farin kaftaninsa da hularsa, kamar ya tsaya gaban madubi. Ya kare da tafin hannu, ya runtse ido, ya murza zoben fokas, wanda ke sa hoto ya fito tar, bisa ƙiyasi. Sai da dare, da aka zuba aikin a kwamfuta, aka ga aikin zaren da ke wuyan babbar rigar ango ya fito tar, fuskarsa kuwa ta yi dishi-dishi. Ba a sake ɗaurin aure don mai kyamara, abin da aka ɗauka shi za a kai wa masu biki.

Saboda wannan matsalar aka ƙera ɗan akwatin nan da ake kifawa a kan sikirin. A jikin kwalinsa za ka ga an rubuta LCD viewfinder ko loupe. A nan za mu kira shi maleƙi, tunda ta cikinsa ake leƙawa. Ba ya cin batir, ba shi da waya, ba ya magana da kyamara ko kaɗan. Sassansa huɗu ne: baƙin mazurari mai rufe sikirin ta kowane gefe, gilashin ƙara girma a ƙarshensa, robar da ake jingina ido a kanta, sai kuma abin da ke riƙe shi a jikin kyamara. Dabarar ma tsohuwa ce. Masu hoton da, masu kyamarar akwati, sukan lulluɓe kansu da baƙin mayafi su ɗora ɗan gilashin ƙara girma a kan gilashin bayan kyamara don su ga ko hoto ya zauna. Maleƙi mayafin nan ne da gilashin nan aka haɗa wuri guda.

Dalilin da ya sa aka buƙace shi

Kyamarar DSLR tana da nata ramin leƙawa a sama, to me ya sa ba za a yi amfani da shi ba? Saboda a cikinta akwai madubi da ke karkatar da haske daga lensi zuwa ramin nan. Da zarar ka shiga ɗaukar bidiyo, madubin zai ɗage sama don haske ya isa ga na'urar da ke karɓar hoto, ramin leƙawar kuma ya yi baƙi ƙirin. Sikirin ɗin baya kaɗai ya rage maka. Wannan ya zama damuwa tun daga 2008, shekarar da Nikon D90 da Canon 5D Mark II suka fito da bidiyo, masu fim suka rungumi irin waɗannan kyamarori saboda kyawun hotonsu da sauƙin kuɗinsu idan aka gwada da manyan kyamarorin fim. A lokacin ne maleƙai irin su Z-Finder na kamfanin Zacuto a Amurka da LCDVF na Kinotehnik suka yi suna. Har yau kyamarorin Canon irin su 600D da 60D da 700D da 5D suna hannun masu ɗaukar biki da ƙananan masu fim a Kano, kuma matsalar tana nan yadda take.

Abu na farko da maleƙi ke yi shi ne ya mayar maka da ganinka. Hasken sikirin ba ya iya ja da hasken rana ta tsakiyar gari, kuma gilashin da ke kansa yana dawo da hoton duk abin da ke gabansa, musamman fararen kaya. A Kano kuwa taro na fararen kaya ne. Ƙara hasken sikirin zuwa ƙarshe ba ya magance wannan, sai dai ya cinye batir ya ƙara wa kyamara zafi. Idan ka kifa maleƙi, idonka ya shiga ɗaki mai duhu, babu wani haske a ciki sai na hoton.

Abu na biyu, kuma shi ne ya fi nauyi, shi ne fokas. A nan sai an yi lissafi kaɗan. Ɗauki lensin 50mm, wanda kusan kowane mai ɗaukar biki yake da shi, ka buɗe shi zuwa f/1.8 a kan 600D (lambar f ita ce ma'aunin buɗin lensi, idan ta yi ƙanƙanta buɗin ya yi girma), amarya tana zaune mita 2 daga gare ka. Faɗin wurin da zai fito tar bai wuce kamar santimita 11 ba, daga gaba zuwa baya. Idan 5D ce da lensin 85mm a f/1.8, a wannan nisan, kamar santimita 6 ne kacal. Amarya ta ɗan sunkuyar da kai don kunya, ko ta jingina baya, ta fice daga ciki. Sikirin mai inci 3 da aka riƙe nesa da ido ba zai nuna maka wannan ba, domin ƙaramin hoto kullum yana kama da mai kyau. Canon ta sa maɓallin da ke ƙara girman hoto sau 5 da sau 10 don duba fokas, amma a waɗannan tsofaffin kyamarori yana aiki ne kafin ka fara ɗauka. Da ka danna jan maɓalli, ya tafi. Maleƙi shi ne ke tare da kai ana cikin ɗauka, lokacin da mutum ke motsi kana binsa da zobe.

Sai dai a san iyakarsa, don nan ne mutane da yawa ke jin an yaudare su. Maleƙi yana ƙara girman abin da ke kan sikirin ne, ba ya ƙirƙiro abin da babu. Sikirin ɗin 600D da aka rubuta yana da ɗigo 1,040,000, ainihinsa 720 a kwance ne, 480 a tsaye, domin ana ƙirga ja da kore da shuɗi kowanne daban. Na 5D Mark II mai ɗigo 920,000 kuwa 640 da 480 ne. Kai kuma kana ɗaukar 1920 da 1080. Ke nan kowane ɗigo ɗaya da kake gani yana tsaye ne a madadin kusan bakwai na ainihin bidiyon a 600D, tara a 5D Mark II. Saboda haka ko da maleƙi, kada ka amince da ganin farko. Murza zoben ka wuce wurin da ya yi kyau, ka dawo ka sake wucewa ta ɗaya gefen, sannan ka tsaya a tsakiya. Ka riƙa duban ƙwayar ido da gashin gira, ka bar duban ado da ɗan kunne, su suna ƙyalli ko da ba su zauna ba. Kuma idan aikin na motsi ne, rage buɗin lensi. A misalin 600D ɗin nan, f/4 zai ba ka kamar santimita 24, f/5.6 kuma fiye da 30. Maleƙi da f/4 sun fi maleƙi da f/1.8 ceton aiki a wurin kamu.

Abu na uku shi ne kyamara ta daina rawa. Wanda ke kallon sikirin dole ya miƙa hannu gaba, nauyin duka yana kan damatsa, kuma bayan minti biyar za a fara ganin gajiyarsa a hoton. Da maleƙi, kyamara tana jingine da ƙashin gira, gwiwoyin hannu sun matse a haƙarƙari, wuraren riƙo sun zama uku. Hannun hagu ya tallafi lensi ta ƙasa, yatsu biyu a kan zoben fokas. Bambancin ya fi fitowa da dogon lensi, inda ƙaramin motsi ke zama babba.

Akwai amfani na huɗu da ba a cika faɗa ba. Yawancin mutane idan suka haura shekara 40, ganin abin da ke kusa yana fara yi musu wuya, shi ya sa za ka ga dattijo yana nesanta waya da fuskarsa. Irin wannan idon ba ya iya tantance sikirin a nisan taƙi ɗaya. Gilashin maleƙi yana sa hoton ya zama kamar yana nesa, ido ya huta. Tsofaffin hannu a sana'ar da suka fara zargin cewa aikinsu ya lalace, sau da yawa abin da ya rage musu ke nan.

Zaɓe da ɗaurawa

Ƙarin girman da aka fi samu shi ne sau 2.5 da sau 3. Sau 3 ya fi nuna fokas, amma hoton yana cika ido har sai ka riƙa juya ƙwayar ido kafin ka ga kusurwa, ga ɗigon sikirin suna fitowa kamar raga. Mai sa tabarau, wanda idonsa ba ya kaiwa kusa da gilashin, zai rasa gefuna gaba ɗaya. A ganina sau 2.5 ya fi dacewa da aikin biki, inda kake buƙatar ganin wanda ke shirin shigowa ta gefe. Akwai kuma irin HoodLoupe na Hoodman wanda ake ratayawa a wuya a ɗora da hannu idan ana so. Wannan na masu hoto ne da ke son duba abin da suka ɗauka a cikin rana, bai dace da bidiyo ba tunda yana cin hannu ɗaya.

Girman baki dole ya dace da sikirin. Inci 3 ba iri ɗaya ba ne: na 5D Mark II da 7D tsarin 4:3 ne, wato awon kwance da na tsaye, na 600D da 60D kuma 3:2, ya fi faɗi. Na 5D Mark III inci 3.2 ne. Idan bakin ya yi ƙanƙanta zai cinye gefen hoto ko lambobin da ke ƙasa, idan ya yi yawa haske zai kutso. Don haka ko a Beirut Road za ka nema ko daga Legas za a aiko, lambar kyamararka ita ce tambayar farko. In da hali ka je da kyamarar. Kunna layukan raga na sikirin ka leƙa: idan layukan gefe sun lanƙwashe, ko ka ga shuɗi da ja suna bin bakin rubutu, gilashin ba shi da kyau, kuma zai sa maka ciwon kai kafin a tashi daga dina. Dubi cikin mazurarin, ya kamata ya zama baƙi marar sheƙi. Fita waje da shi ka ga ko haske na shiga ta mahaɗa. Marasa suna suna da araha ƙwarai, kuma wasunsu na aiki, amma a gilashi da gam ake rage musu kuɗi, su ne kuma abubuwa biyun da ka fi buƙata.

Hanyoyin riƙewa manya guda biyu ne. Ta farko, siririn firam na ƙarfe da ake mannawa kewaye da sikirin, maleƙin ya kama shi da maganaɗisu ko ya ɗanu a kansa. Yana da sauƙin cirewa da mayarwa cikin daƙiƙa ɗaya. Maganaɗisun ba ya taɓa abin da ke cikin katin SD, kada wannan ya dame ka. Wurin mannawa ne ake kuskure. Goge gefen sikirin da ɗan sifirit a tsumma mai laushi har maiƙon hannu ya fita, ka bari ya bushe. Kunna kyamara don ka ga iyakar hoton, ka gwada firam ɗin ba tare da ɓare takardar gam ba, sannan ka ɓare ka ɗora sau ɗaya. Danna kowane gefe da yatsa, ka kwantar da kyamarar ka ɗora ɗan nauyi kamar littafi, ka bar ta awa 24 kafin ka rataya maleƙin. Wanda ya manna da safe ya tafi aiki da rana, firam ɗin zai zame. Ko wanda ya kama da kyau, zafin Afrilu da Mayu da ke kaiwa digiri 40 yana sassauta gam, balle a bar kyamara a cikin mota a rufe. Ka ajiye firam na biyu a jaka, kuma ka ɗaure maleƙin da igiyarsa a wuya ko a jikin kyamara. Kada a yi amfani da sufa gulu: tururinsa yana barin farin tabo a gilashi, kuma ranar cirewa zai iya tafiya da murfin sikirin.

Hanya ta biyu faranti ne da ake ɗaurewa a ƙasan kyamara, a ramin sukurun nan na kwata inci da ake ɗora ta a kan ƙafar kyamara mai ƙafa uku, da firam da ke tasowa ta baya. Ya fi ƙarfi, kuma shi ya kamata mai sikirin mai juyawa ya saya. Maƙalar sikirin ɗin 600D ko 60D ba a yi ta don ɗaukar nauyi ba, kuma ta cikinta siririyar wayar hoto ta bi. Idan aka rataya mata maleƙi ana kuma danna shi da goshi, za ta yi sako-sako, wata rana sikirin ya fara ɗaukewa. Matsalar faranti ita ce wani yana toshe ƙofar batir, sai ka kwance kafin ka canza, kuma sukurun yana sassautawa da aiki. Ka riƙe kwabo ko ƙaramin sukudireba a aljihu. Idan ka sa mariƙin batir na ƙasa, tsayin ya canza, sai farantin da ake iya ɗagawa. Mai 700D ko 80D da ya saba taɓa sikirin don fokas ya nemi maleƙin da ke buɗewa sama kamar murfi.

Da ka ɗaura, saita gilashin da idonka. Masu kyau suna da zobe na wannan. Kada ka saita da hoton da lensi ke nunawa, domin ba za ka san wanne ne bai zauna ba, lensi ko maleƙi. Buɗe jerin saitin kyamara, ka dubi abu mai nisa na ɗan lokaci don ido ya saki, ka leƙa, ka murza har rubutun ya fito tar. Sa ɗan tef a wurin don kada ya goce. Wannan zoben yana gyara ganin nesa ko na kusa ne kawai. Wanda likita ya ce ƙwayar idonsa ba ta daidaita ba ta yadda layuka ke karkace masa, ya ci gaba da sa tabaransa.

Sai hasken sikirin. Kashe saitin da ke canza haske da kansa, ka mayar da shi tsakiya. A cikin duhun maleƙi hoto yana bayyana da haske fiye da gaskiyarsa, sai mutum ya rage, ya dawo gida da fuskoki baƙi wuluk a cikin fararen riguna. Ginshiƙan histogiram, zanen da kyamara ke nuna ma'aunin haske da duhun hoto da shi, su za ka bi, idonka a nan yana iya ruɗinka. Kuma maleƙi ba ya rage hasken da ke shiga lensi. A hoto 25 cikin daƙiƙa, da saurin ɗauka 1/50 na daƙiƙa, da ISO 100 (ma'aunin jin hasken kyamara), tsakar rana za ta tura ka wajen f/22. In kana son f/2.8 sai ka sa baƙin gilashin ND mai rage mataki 6 a gaban lensi.

Inda yake ɓarna

Ga abin da ya fi komai muhimmanci ga mai aiki a Kano. Gilashin da ke ƙara maka girma shi ne irin wanda yara ke tara hasken rana da shi su ƙona takarda, kuma sikirin yana zaune daidai kusa da inda hasken ke taruwa. Idan rana ta shiga ta wurin ido kai tsaye, cikin daƙiƙoƙi kaɗan za ta bar tabo rawaya ko baƙi a sikirin, wani lokaci layi guda idan kyamara na lilo. Tabon ba ya gogewa, sai an canza sikirin. Ka lura da yadda abin ke faruwa: ka gama ɗauka, ka saki kyamara ta rataya a wuya, nauyin lensi ya ja gabanta ƙasa, wurin idon ya kalli sama. Kano tana kusan digiri 12 arewa da tsakiyar duniya, don haka wajen ƙarshen Afrilu da kuma cikin Agusta rana kan tsaya daidai bisa kai da azahar, sauran watannin ma ba ta yin nisa sosai. Haka kuma kyamarar da aka bari a kan ƙafa tana kallon gabas da la'asar, bayanta yana kallon rana. Dokar ɗaya ce: ido ya bar roba, murfi ya hau. In murfin ya ɓata, cire maleƙin, ko ka kifa hularka a kai, ko ka juya shi ya jingina da cikinka. Yaron da ke riƙe maka kyamara shi ya fi buƙatar a faɗa masa wannan.

Na biyu, maleƙi yana rufe maka duniya. A hawan Daushe a Ƙofar Kudu, ko hawan Nassarawa da ake yi da hantsi rana na dukan sikirin, amfaninsa a fili yake, amma dawaki na zuwa jahi a guje kuma dogon lensi yana ɓoye maka kusancinsu. Ka koyi barin ɗaya idon a buɗe, kuma ka sa wani a bayanka ya riƙe rigarka, aikinsa kawai ya ja ka idan abu ya taso. Kada ka yi tafiya da baya ido na cikin roba ba tare da shi ba.

Akwai kuma wuraren da ba shi da aiki sam. Idan za ka ɗaga kyamara sama da kan jama'a, ko ka sauke ta ƙasa wajen ƙafafun amarya don lalle, ko tana kan gimbal, mariƙin nan mai hana kyamara rawa, idonka ba zai kai ba. A zauren biki da dare, inda babu rana, abin da ya rage na amfaninsa fokas ne da riƙo. Darakta da ke son ganin abin da ake ɗauka monita yake buƙata, irin masu haske sosai na waje, sai dai su suna cin batir, suna ƙara nauyi da waya. Mai kyamara marar madubi irin Sony A7 III, wadda ramin leƙawarta ƙaramin sikirin ne mai ɗigo miliyan 2.36 kuma yana aiki ana cikin bidiyo, ya riga ya mallaki abin da ya fi maleƙi. Amma ba duk marasa madubi ke da ramin ba. Sony ZV-E10 da FX3 da FX30 ba su da shi, haka Sigma fp, wadda kamfaninta da kansa ya yi mata maleƙi mai ƙarin sau 2.5. Masu irin waɗannan su kula da zafi, domin sikirin da aka manne a jiki aka kuma rufe yana hana bayan kyamara shan iska. Wanda kuma ƙyallin rana ne kaɗai damuwarsa, kwali da baƙin tef za su yi masa rumfa a kan sikirin, ko da yake ba zai samu ƙarin girma ko wurin jingina ba.

Da damina, ko idan aka fito daga ɗaki mai sanyin na'ura zuwa waje, gilashin yana yin raɓa daga ɗumin ido da gumi. Ɗan janye ido tsakanin ɗauka, ka bar kyamara ta yi minti goma a jaka kafin ka buɗe ta a waje, ka kuma zuba ƙullin silika mai tsotse danshi biyu ko uku a jakar. Da hunturu ƙura ce abokiyar faɗa. Tana shiga mazurari ta kwanta a sikirin, gilashin kuma ya ƙara mata girma har ka ɗauka a cikin hoton take. Hura ta da famfon roba tukuna kafin ka goge, domin ƙurar hunturu tana da yashi, idan ka goge ta a bushe da gefen riga za ta karce gilashin, balle na roba.

Robar idon kuma tana shan gumi da kwalli da man shafawa. A wanke ta da ruwan sabulu bayan kowane aiki, a shanya a inuwa don rana na sa ta tsage. A lokacin da ciwon idon nan na afolo ke yawo, kada mutum biyu su yi amfani da roba ɗaya. Idan kyamarar haya ce, goge robar da sifirit ka bari ta bushe sarai kafin ka kai ta ido.